Zaman Jama'a a Ƙauye: Hakkin Rijiya, Rumbu da Takarda

 

'Yan'uwana mata, tsadar haya da cunkoson birni sun sa ana samun iyalai da suke haɗa kuɗi ta hanyar ƙungiyar gama-kai, su sayi fili a ƙauye, su gina gidaje kusa da juna, da masallaci ɗaya, rijiya ɗaya, makarantar Islamiyya ɗaya, wani lokaci har da gona da rumbun haɗaka. Niyya ce mai kyau, tun ba da yake tana kuɓutar da mutum daga bashi mai ruwa ba. To amma maza su ne ke sa hannu a takarda, su shafa fatiha su tafi nema. Mu ne muke wuni a wurin, don haka gyaran zaman ko ɓacinsa yawanci a hannunmu yake farawa.

Irin wannan zama ba baƙo ba ne a tarihinmu. Degel ƙauye ne a tsohuwar ƙasar Gobir, yau yana cikin Jihar Sakkwato, kuma a nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da mutanensa. Ba jini ne ya haɗa su duka ba. Fulani da Hausawa da wasunsu sun taho da zaɓin kansu don neman ilimi da gyaran addini, har aka riƙa ce musu Jama'a. Ana kiwo, ana noma, ana kwafar littattafai da hannu, kuma an ruwaito cewa Shehu da kansa yakan tufka igiya don ya ci guminsa. A can aka haifi Nana Asma'u wajen shekarar 1793, ta tashi ta ga mata suna karatu, domin mahaifinta a littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da suke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Da matsin Sarkin Gobir Yunfa ya tsananta, suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, maza da mata da yara. Ki tambayi kanki, matan da suke gaba da juna a kan tulu da guga za su iya ɗaure kaya su bar gidajensu tare saboda Allah? Ilimin da aka ba su ne ya sa kowace ta san hakkin 'yar'uwarta a kanta.

Allah Ya riga Ya gargaɗe mu a Suratu Saad, aya ta 24, a kan harshen Annabi Dawuda (AS), cewa abokan tarayya da yawa suna zaluntar junansu, ban da masu imani da aiki nagari, su kuwa kaɗan ne. Wannan zalunci ba sai an kai ga kotu ba. Ki je rijiya ki tarar da layi, ki tura 'yarki ta kutsa don mijinki ne shugaban ƙungiya. Ranar sharar masallaci ta zagayo kanki, ki ce kanki na ciwo, ga ki da yamma a gidan biki. A ba ki mabuɗin rumbu, ki auna wa ƙawarki mudu da tozo, ki auna wa wadda ba kwa shiri a shafe. Wallahi duk cin amana ne, ko da babu wanda ya gani.

Sai maganar dabbobi, wadda ta raba maƙwabta fiye da yadda ake zato. Akuya ta shiga shukar wata ta cinye mata rama da yakuwa, sai cacar baki, daga nan a daina gaisawa. Alhali shari'a ta yanke wannan tuntuni. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib (RA) ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. Kin ga da kowa ta san wannan, mai lambu ta gyara shingenta, mai akuya ta ɗaure abarta kafin magariba, rigima ta mutu.

Haka nan kusancin gidaje bai soke sallama ba. Suratun Nur, aya ta 27, ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Wasunmu da zarar an saba, sai su faɗa har uwar ɗaka, su fito da labarin abin da aka dafa da abin da aka rasa. Maƙwabciyar da ta san sirrinki zai zagaya gari ba za ta gaya miki ranar da tukunyarta ba ta hau wuta ba, ita kuwa wannan rana saboda ita aka yi zaman. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa (RA), domin in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tattara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mazubi ɗaya, har ya danganta su da kansa. Watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a nan ake gane ko rumbun haɗaka na gaske ne.

Abu mafi nauyi shi ne takarda. Mace ta sayar da sarƙarta, ta kwashi adashinta ta zuba a ginin, amma sunan miji kaɗai ke littafin ƙungiya. Ranar da mutuwa ko saki ya zo, sai a raba gidan a matsayin dukiyarsa, ita ta tashi da tumunin takaba, ko ta fita da akwatinta kawai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba. In kyauta kika ba shi, Allah Ya ba ki lada. In rance ne ko tarayya, to a rubuta adadin da ranar da shaidu. Ba rashin yarda da Malam ba ne, magada ake sauƙaƙa wa. Kuma ki sani, a mazhabarmu ta Malikiyya, idan abokin tarayya a gida ko fili da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, ɗayan yana da hakkin shuf'a, wato ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. Maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da wannan hakki, sai tarayya. Matar da ba a rubuta rabonta ba, da me za ta tabbatar wa alƙali cewa ita abokiyar tarayya ce? Saboda haka kafin a aza tubalin farko, ki nemi a karanta miki dokar ƙungiyar, musamman abin da ta tanada game da matar da mijinta ya rasu da marayunta.