Rabon Musulmi a Kufan Mutanen Da



Ya ƴan uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu wata muhawara ce da ta tashi a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar. Wani ɗanmu ne ya raka mahaifinsa jinya ƙasar Indiya, Allah ya ba tsohon sauƙi, suka komo gida lafiya. Cikin tsarabar yaron har da hotunan wasu gine-ginen mutanen da, waɗanda aka sassaƙa cikin dutse, cike da gumaka. Jama'a suka rabu biyu. Wasu suka ce ko kallonsu bai halatta ba, da ma a sa musu nakiya kowa ya huta. Wasu kuma mamaki ya cika su, har wani matashi ya ce ai waɗanda suka yi wannan aiki sun fi mu komai. Da aka kawo mana maganar, muka ga ta fi ƙarfin amsar tsaye. Tambayar ita ce: mene ne rabon Musulmi a cikin abin da al'ummun da ba su san sallah ba suka bari a bayan ƙasa?

Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. To, ga abin da ke cikin hotunan. Na farko wani wuri ne da ake kira Ajanta, a jihar Maharashtra. Koguna ne kusan 30 da mabiya addinin Buda suka fafe a jikin dutse, a gefen wani kwari. An fara su wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka ƙare na ƙarshensu a ƙarni na 5 bayan haihuwarsa, aka cika bangayensu da zane mai launi. Daga baya masu su suka watse, kurmi ya rufe wurin, sai a 1819 wani hafsan sojan Ingila da ya fita farauta ya ci karo da su. Na biyu shi ne Ellora, inda ake da koguna 34 na mabiya Buda da Hindu da Jain. Mafi girmansu ɗakin bautar Hindu ne mai suna Kailasa, na ƙarni na 8. Shi ba a ɗora dutse bisa dutse aka gina shi ba. Daga ƙwanƙolin dutsen aka fara sara ana gangarowa, har aka fitar da gida sukutum da ginshiƙansa da benayensa daga dutse guda. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake fasa dutsen siminti a Malbaza da manyan injuna, ya san nauyin wannan aiki a hannun masu guduma.

Ga ƴan uwanmu da mamaki ya kwashe, muna cewa ƙwarewar hannu daban, shiriyar zuciya daban. Alƙur'ani ya ba mu labarin Samudawa masu sassaƙa gidaje a duwatsu, da Adawa ma'abota dogayen ginshiƙai, kuma gwanintarsu ba ta tsare musu komai ba ranar da umurnin Allah ya zo. Gunki, ko da an goge shi yana ƙyalli kamar madubi, ba ya ji, ba ya gani, ba ya amfanar da mai sassaƙa shi. Tsohuwar da ke shimfiɗa buzunta a bukka ta yi sujada ga Allah Makaɗaici ta riƙe abin da ya fi Kailasa nauyi.

Ga masu neman nakiya kuma, muna tunatar da su abin da magabata suka yi. Gaskiya ne Manzon Allah (SAW) ya karya gumakan da ke kewaye da Ka'aba ranar buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, domin Ɗakin Allah ne da aka gina kan tauhidi, kuma hukuncin garin ya komo hannunsa. Amma a shekara ta 9, kan hanyar Tabuka, ya bi ta Hijr, mazaunin Samudawa. Ya hori sahabbansa kada su shiga wurin sai cikin kuka da tsoron Allah, ya kuma gaggauta wucewa. Bai ce a rushe ba, ga ɗakunan dutsen nan tsaye har yau. Amru bin Asi ya shiga Masar wajen 640, a zamanin Sayyidina Umar, sahabbai suka tarar da manyan gine-ginen Fir'aunoni, suka bar su. Wurare da yawa Alƙur'ani ya umurce mu da yin tafiya a bayan ƙasa domin mu ga yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. In an share kufan duka, me matafiyin zai gani? A Suratul An'ami kuma an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Ba mu manta ɗacin da muka ji ba ranar 6 ga Disamba 1992, da wasu ƴan Hindu suka rushe masallacin Babri a garin Ayodhya, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kusan 2,000. Abin da ya sa mu kuka, bai kamata mu yi marmarin aikata irinsa ba.

Rabonmu shi ne i'itibari, wato ɗaukar darasi. Bari mu kawo misali ɗaya daga duwatsun Indiyar.

Akwai wani sarki mai suna Ashoka, na daular Mauriya, wanda ya yi mulki daga wajen 268 zuwa 232 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Fadarsa tana Pataliputra, inda garin Patna yake a yau, mulkinsa kuma ya game mafi yawan ƙasar Indiya. Shekara 8 bayan naɗinsa ya kai yaƙi ƙasar Kalinga da ke bakin teku ta gabas, ya ci ta. Al'adar sarakuna ita ce bayan nasara a buga tambura, maroƙa su wasa sarki. Shi kuwa sai ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu, a sassa daban-daban na daularsa, cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000 daga gidajensu, wasu masu yawa kuma sun mutu daga baya, kuma abin ya dame shi, ya yi nadama. Ya riƙi addinin Buda, ya bar yaƙin faɗaɗa ƙasa, ya sa a haƙa rijiyoyi da dasa itatuwa a gefen hanyoyi, a tanadi magani ga mutane da dabbobi.

Hukuncin wannan mutum yana wurin Allah, wanda ya faɗa mana a Suratul Isra'i cewa ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Mu dai aikin muke aunawa da ma'aunin da muka sani. Sharuɗɗan tuba su ne nadama, da barin laifin, da ƙudurin rashin komawa, sannan mayar da haƙƙi ga mai shi. Ashoka ya bayyana nadama, ya kuma bari, amma bai mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba, kuma a duwatsun da ya sa aka rubuta a Kalingar kanta ba a sa wannan sashe na nadama ba. Ashe ko sarkin da ya iya faɗin laifinsa ga duniya, ya ji nauyin faɗinsa a gaban waɗanda ya zalunta. Wannan madubi ne gare mu. Mutum nawa ne cikinmu ke zubar da hawaye a daren Lailatul Ƙadari, alhali gonar marayun ɗan uwansa tana hannunsa? Wa ya taɓa tsayawa gaban matar da ya saka bisa zalunci ya ce mata na cuce ki?

Daular Mauriya ta faɗi shekara kamar 50 bayan mutuwar Ashoka, har aka manta yadda ake karanta rubutunsa. A 1356 wani sarkin Musulmi na Delhi, Firuz Shah, ya sa aka ɗauko ɗaya daga ginshiƙan dutsen Ashoka, aka kafa shi kusa da masallacin Juma'a na sabon birninsa. Ya tara masana, aka rasa mai karanta abin da ke jiki, duk da haka ya adana shi. Sai a 1837 wani Bature mai suna James Prinsep ya gano karatun haruffan. Da Firuz Shah ya bi shawarar masu rushewa, da an rasa ɗaya daga shaidun wannan labari. Haka malamanmu na da suka yi da ilmin Indiya: Al-Khawarizmi ya rubuta littafi a Bagadaza kan lissafinsu a ƙarni na 9, Al-Biruni ya koyi harshensu ya rubuta bayanin addininsu wajen 1030, imaninsa bai girgiza ba. Lambobin da muke raba gado da ƙidayar zakka da su a yau, Larabawa da kansu lambobin Hindu suke ce musu.

Yanzu mu komo gida, domin mu ma muna da namu kufan. A ƙasar Sakkwato akwai Surame, birnin da Kanta na Kabi ya gina da ganuwar dutse a ƙarni na 16, yau ba kowa ciki. Akwai Alƙalawa, babban birnin Gobir, da ya faɗi a 1808. Nan Birnin Ƙonni kuwa, a watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa garin, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta sa wuta. Watanni biyu bayan haka sojojinsu da kansu suka harbe su a ƙasar Tasawa, suka tafi ba su bar wa kowa kalmar nadama ba. Mu kuma jikokin waɗanda aka kashe, mutum nawa ne cikinmu zai iya kama hannun ɗansa ya nuna masa inda ganuwar ta bi, ya gaya masa abin da ya faru? Muna ta gardama kan duwatsun Indiya, alhali tsofaffin da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai ga tarihin ƙasashen nan a matsayin ɓata lokaci ba, ya rubuta shi a littafinsa Infaƙul Maisuri.

Don haka muna ba da shawara uku. Wanda Allah ya kai shi irin waɗannan wurare ya duba da idon mai wa'aztuwa, kada ya rusuna wa komai, kada ya nemi tubarraki, kada kuma ya wulaƙanta masu wurin. Malaman makarantun allo da na madarasa a Ƙonni da Malbaza da Illela su tura ɗalibai wurin dattawa, a rubuta abin da suka riƙe, ko da ajami ne. Sannan kowannenmu ya binciki kansa tun kafin Juma'a mai zuwa: in akwai haƙƙin wani a wuyansa, ya je ya same shi ido da ido, ya faɗi laifinsa, ya mayar masa da abinsa.

Allah ya sa mu cikin masu wa'aztuwa da wasunsu, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon tuba ingantacciya tun kafin ajali. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne.