Gani Ya Kori Ji? Tsokaci a Kan Waƙoƙin Bidiyo

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan karin magana tun muna yara muke jin sa, kuma ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu ko ko'ina yake da gaskiya ba. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in ɗora shi a kan ma'auni, in auna shi da wani abu da ya zama ruwan dare a tsakaninmu ɗalibai, wato waƙoƙin bidiyo. A yau da wuya matashi ya ce ya san waƙa in bai kalle ta ba. Ko a tashar jiragen ruwa ta Yelwa, ko a kasuwar Warra, za ka tarar da samari sun haɗa kai a kan waya guda, ido ya riga kunne isa ga waƙar. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ita ce: idan aka haɗa waƙa da hoto, wane hakki ne ya hau kan mawaƙi, wanne kuma ya hau kan mai kallo?

Waƙa Dama Abar Kallo Ce

Akwai masu cewa a da kunne kaɗai ke cin waƙa, zamani ne ya zo ya cusa mata ido. Ni ban yarda da wannan ba. Wanda ya je filin dambe a zamanin Ɗan Anace bai tafi da kunnuwansa kawai ba. Yana ganin yadda ɗan dambe ke tsuma in an ambaci sunansa. Haka nan a fada, rabin daɗin waƙar Musa Ɗanƙwairo yana ga ganin 'yan amshi sun jeru, da ganin rigar da aka jefo daga hannun mai sarauta. Mu da muka tashi a bakin Kwara mun sani cewa kiɗan da ake yi ranar Rigata a Yauri ba ya rabuwa da ganin jirage suna tsere, matuƙa suna buga filafili daidai da amon ganga. Rediyo da garmaho da kaset su ne suka raba waƙa da ido na ɗan wani lokaci. Saboda haka bidiyo ya maido wa waƙa abin da ta taɓa mallaka ne.

Amma fa akwai bambanci, kuma a nan gizo ke saƙa. A dandali kai ke zaɓen inda za ka duba. Kana iya barin mawaƙi ka dubi fuskar wanda ake wasawa, ko ka dubi tsohuwar da ke share hawaye a gefe. Mawaƙin ma yana ganinka, in ka yamutsa fuska ya sauya zance. A bidiyo kuwa wani ne ya riga ya zaɓar maka abin da za ka gani, ya yanke abin da ba ya so, ya maimaita abin da yake so. Idonka na hannun mai ɗaukar hoto, kamar yadda ragamar doki ke hannun mahayi.

Ire-iren Salon da Yadda Suke Kama Mai Kallo

Salo na farko shi ne mafi tsufa a wurinmu. Tun da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna a 1962, aka shiga zaunar da makaɗa a gaban na'ura su yi abin da suka saba. Ta wannan hanya ce mu da ba mu riski Alhaji Mamman Shata ba, wanda ya rasu a 1999, muke ganinsa tsaye da masu kalangu a bayansa. Haka muke ganin yatsun Ɗan Maraya Jos a kan kuntigi. Wannan salo yana mai da mai kallo shaida. Ba ya buƙatar komai daga gare ka sai natsuwa, kuma in mawaƙi ba gwani ba ne babu abin da zai ɓoye shi.

Salo na biyu ya biyo finafinan Indiya, waɗanda iyayenmu suka daɗe suna kallo a gidajen silima. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, harkar finafinan Hausa ta bunƙasa, kuma tun daga nasarar da Sangaya ya samu a ƙarshen shekarun 1990 waƙa da rawa suka zama gishirin fim. Saurayi da budurwa a cikin lambu, a sauya tufafi sau biyar kafin waƙa ta ƙare, murya ta wani, fuska ta wani. Wannan salo mafarki yake sayarwa. Yana ɗauke mai kallo daga zafin rana da ƙurar gari ya kai shi inda ciyawa ba ta bushewa.

Salo na uku shi ne mai ba da labari. A ƙasashen Turai da Amurka wannan ya yi ƙarfi bayan buɗe tashar MTV a 1981, musamman da Michael Jackson ya fitar da bidiyon Thriller a 1983, wanda tsawonsa ya kusa minti 14, aka tsara shi tamkar ƙaramin fim. A wurinmu ma akan ga waƙar maraya ko ta kishiya da ake nuna labarinta daki-daki. Irin wannan yana mai da mai kallo alƙali, domin dole zuciyarsa ta ɗauki gefe.

Salo na huɗu shi ne na baje kolin dukiya: manyan motoci, gidan bene, sarƙa a wuya, kuɗi ana watsawa. Abin da yake taɓawa a zuciyar mai kallo shi ne kwaɗayi. Salo na biyar kuma na siyasa ne, irin wanda su Dauda Kahutu Rarara suka shahara da shi tun zaɓen 2015, inda ake cika ido da taron jama'a da tutoci da jerin motoci. Saƙonsa guda ne: dubi yawanmu, kai me kake jira?

Salo na ƙarshe shi ne ɗan autansu, wato gajeren bidiyon da ake yi da waya a ɗora a TikTok ko Instagram. A 2020 mun ga yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta sa matan aure suka riƙa ɗaukar kansu suna yi wa mazajensu rawa, har abin ya jawo ka-ce-na-ce. A nan mai kallo ya tashi daga kan tabarma ya shiga fili. Shi ne mai rawa, shi ne mai ɗauka, shi ne mai yaɗawa.

Zuga da Ƙarya

To, ina matsalar take? Bahaushe ya daɗe da sanin cewa maroƙi yakan kai zance inda bai kai ba. In ya kira basarake giwa, ko ya ce kyautar wane ta fi ruwan sama, babu mai zuwa ya ce a kawo hujja. Akwai yarjejeniya tsakanin mai faɗa da mai ji: kai ka zuga, ni in rage. Saboda wannan yarjejeniya ce zuga ba ta zama ƙarya ba, domin ƙarya sai da wanda aka yaudara.

Hoto bai shiga cikin wannan yarjejeniya ba. An koya mana tun muna ƙanana cewa abin da ido ya gani ya wuce musu. Saboda haka in mawaƙi ya ari mota na awa biyu, ya tsaya a ƙofar gidan da ba nasa ba, aka ɗauke shi, yaron da ke kallo a Shanga ko Ngaski ba zai rage komai ba. Zai ɗauka haka rayuwa take ga wanda ya bar ƙauye, ya dubi komar ubansa da gonar albasa ya ji sun yi masa ƙanƙanta. In an ɗauki taron mutum ɗari biyu daga kusurwar da za ta nuna su kamar dubu, mai jefa ƙuri'a zai ce ai da idona na gani. Ke nan amanar da muka ba ido ita ce ta sa ƙaryar hoto ta fi zugar baki nauyi. Gani yana korar ji, gaskiya ne, amma wani lokaci har da tunani yake korewa.

Wani zai ce ai kowa ya san fim wasa ne. Na yarda da haka game da salo na biyu da na uku, domin ba wanda ke zaton masoyan nan da gaske a lambu suke kwana. Amma salo na huɗu da na biyar ba sa zuwa da sunan wasa. Mawaƙi da sunansa na gaskiya yake fitowa, ɗan takara ma haka, kuma ribarsu tana ga mai kallo ya gaskata.

Abin da Muke Tacewa da Wanda Muke Bari

Al'ummarmu ta riga ta gane nauyin ido. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango a kan kundin bidiyonsa na Bahaushiya. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon mawaƙi ClassiQ. In mai karatu ya lura, duk rigimar a kan abin da aka gani ne: tufafi, rawa, taɓa jiki. Ba na musun cewa kunya ginshiƙi ce a tarbiyyar Bahaushe. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka taƙaita ɗa'ar hoto ga wannan kaɗai. Ana tayar da jijiyar wuya in ɗankwali ya zame, amma ban ga ana tayar da ita a kan hoton da ke koya wa yaro raina sana'ar gidansu ba, ko wanda ke nuna ɗan ƙauye a matsayin abin dariya kullum. Alhali kuwa gaskiya da mutunta ɗan Adam ba su gaza kunya daraja ba.

Bari in kawo misalin da ya shafe mu. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse a kusa da Warra, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu, galibinsu masu neman abinci. A ce mawaƙi ya tashi yin waƙar ta'aziyya a kan irin wannan rashi. Hanya biyu ce a gabansa. Yana iya tattaro hotunan gawarwaki da na iyaye mata suna kururuwa, ya shimfiɗa musu kiɗa. Babu shakka 'yan kallo za su yi yawa. Yana kuma iya nuna ruwan kawai, da jirgin da aka cika fiye da ƙima, da yaran da ke zaune a gaɓa suna jira. Na farko ya ci kasuwa da hawayen da bai nemi izinin masu su ba. Na biyu ya rufa wa mamata asiri, ya kuma sa mai kallo ya tambayi dalilin da ya sa ake cika jirgi haka. Duka biyun babu rawa, babu ɗankwalin da ya zame, amma tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin mutunci da rashinsa.

Rumbun Gobe

Akwai kuma wani hakki da mu mutanen ƙasar Yauri ya kamata mu fi kowa sani. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tashi mutane wajen 44,000 daga mazauninsu. Tsohuwar Bussa ta nutse, haka ma gungunan da Gungawa suka zauna kaka da kakanni. Waɗanda suka yi kiɗa da rawa a kan waɗannan gungu ba su da waya a aljihu, saboda haka abin da ya rage mana galibi sai labarin tsofaffi. Ga harshen Shangawa yana ja da baya a gaban Hausa, Gunganci ma masu jin sa a cikin yara suna raguwa. Yau kuwa kusan kowane matashi na riƙe da na'urar da kakanninsa ba su samu ba.

Saboda haka duk bidiyon da aka ɗauka yau rumbu ne, ko mai shi ya nufa ko bai nufa ba. Jikokinmu za su buɗe shi su ga yadda muke. In suka tarar da ƙofofin aro da motocin aro da rawar aro kawai, za su ɗauka ba mu da kogi, ba mu da Sarkawa masu su, ba mu da kasuwar kifi, ba mu da ganuwar Birnin Yauri. A karon farko ruwa ne ya ci gungunanmu ba da son ranmu ba. In suka ɓace a karo na biyu daga cikin hotunanmu, da hannunmu muka nutsar da su.

Kammalawa

Ban ce a daina nishaɗi ba, ban kuma ce kowane mawaƙi ya koma malamin tarihi ba. Kowane salo da na lissafa yana da muhallinsa, kuma mafarki ma abinci ne ga wanda ya gaji. Abin da nake kira gare shi abu biyu ne. Mawaƙi da mai ɗaukar hotonsa su san cewa an ba su aron idon jama'a, kada su nuna wasa da sunan gaske, kada kuma su sayar da mutuncin wanda bai ba su ba. Mu kuma masu kallo, musamman ɗaliban Hausa da aka koya wa feɗe waƙa baiti-baiti, lokaci ya yi da za mu koyi feɗe hoto kamar haka: wa ya zaɓi wannan kusurwa, me aka yanke, me ake so in ji a raina? Kakanninmu sun iya rage zugar maroƙi ba tare da sun rasa daɗin waƙarsa ba. In muka koya wa idanunmu wannan dabara da kunnuwansu suka ƙware a kai, to gani da ji za su zauna lafiya a gida ɗaya. Allah Ya sa mu dace.