Ƙuduji A Gonar Mai Bi

Bayan an tashi daga wani taron farkawa, wani magidanci ya tsare ni a ƙofar majami'a. Ya ce sau huɗu ke nan yana fita gaban jama'a a irin wannan taro, ya durƙusa da hawaye, ya yi wa Ubangiji alkawari cewa shi da giya har abada. Kowane karo yakan yi wata biyu ko uku lafiya lau, sai wata ranar biyan albashi ƙafarsa ta kai shi inda ta saba. Ya dube ni ya ce, "Baba, anya ni mai bi ne kuwa? Ko dai ruɗin kaina nake yi?"

Wannan tambaya ba ta mashayi kaɗai ba ce. Ta uwar da take tsine wa 'ya'yanta ce duk sa'ad da ranta ya ɓaci, da ɗan kasuwan da ya bubbuge gindin mudunsa, da saurayin da ya san abin da yake kallo a wayarsa in dare ya raba, da dattijon ikilisiya wanda shekara goma bai gai da ƙanensa ba. Yawancinmu muna da zunubi guda wanda ya san hanyar gidanmu.

Abin da na fara faɗa masa shi ne, gawa ba ta kokawa. Wanda zunubinsa yake hana shi barci yana da rai a cikinsa. A Romawa sura 7 manzo Bulus ya kwatanta mutumin da yake son aikata nagarta, amma ya riƙa iske kansa cikin abin da yake ƙi. Masanan tauhidi sun daɗe suna muhawara ko mai bi ake nufi a wurin ko wanda bai tuba ba tukuna, amma Galatiyawa 5:17 ba ta bar shakka ba, gama ga ikilisiya aka rubuta ta, ta kuwa nuna halin mutuntaka da Ruhu suna gāba da juna. Sai dai kada mu mai da sura ta 7 matashin kai. Sura ta 6 ta riga ta ce zunubi ba shi da sauran sarauta a kan wanda yake ƙarƙashin alheri.

To, in haka ne, me ya sa yake komowa?

Duk wanda ya taɓa noman dawa ko gero ya san ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Kafin manomi ya ga furensa, ya riga ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa, manne da saiwar dawa yana tsotse ta. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu ƙanƙanta kamar ƙura, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran dawa. Ya fi kuma ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ba ta samun taki. Manomin da ya tsinke furen rana ɗaya ya koma gida yana murna bai gama da shi ba. Fita gaba a taron farkawa abu ne mai kyau, ba na rena shi ko kaɗan, amma sau da yawa tsinke fure ne kawai.

Agustin, ɗan Afirka ta Arewa wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya san wannan a jikinsa. Ya yi shekaru da yawa sha'awar jiki tana riƙe da shi, har ya shaida cewa a ƙuruciyarsa yakan roƙi Allah tsarki amma a ransa yana fatan a ɗan jinkirta amsar. A littafinsa na furta zunubai ya kwatanta abin da sarƙa: muguwar sha'awa in an biye mata takan zama al'ada, al'ada in ba a yi tsayayya da ita ba takan zama tilas. Ya tuba a birnin Milan a 386, aka yi masa baftisma a 387, daga baya ya zama bishop na Hippo. Abin lura a nan, sarƙa zobe-zobe ake ƙera ta. Faɗuwar ɗan'uwanmu ba a gidan giya take farawa ba. Tana farawa ne da tsabar kuɗi a aljihu, da hanyar da ya zaɓa ya bi zuwa gida, da abokan da suka san ranar albashinsa. Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya gwada ƙarfin bangaskiyarsa ba, ya bar rigarsa ya fita da gudu.

Akwai kuma batun ɓoyo, a nan ne nake ganin laifin ya shafe mu duka. Yakubu 5:16 ta umarce mu mu riƙa bayyana wa juna laifofinmu, muna yi wa juna addu'a. A 1738 John Wesley ya tsara wa mabiyansa a Ingila ƙa'idodin ƙananan ƙungiyoyi, maza daban, mata daban, inda kowane mako za a tambayi mutum wane zunubi ya yi tun haɗuwar baya, wace jaraba ta same shi, ta yaya kuma ya kuɓuta. Mu fa? Wa zai buɗe cikinsa ga dattijon da zai kai maganar gida, gobe a ji ta a bakin rijiya? Muna da saurin sa yarinyar da cikinta ya fito a ƙarƙashin horo, alhali mai gulma da mai cin kuɗin baiko suna zaune a kujerar gaba, domin nasu ba ya kumbura. Horon ikilisiya yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, amma Galatiyawa 6:1 ta ce da tawali'u za a komo da wanda ya faɗi. Inda tsoron tonon asiri ya fi begen taimako yawa, mutane za su koyi ɓoyewa ne, ba tuba ba.

Manoma sun gane wani abu kuma. In aka shuka waken soya ko auduga a gonar da ƙuduji ya cinye, irinsa yakan tsiro ya rasa saiwar da zai kama, sai ya mutu. Ba a barin gonar fili. Haka Bulus ya koyar a Afisawa 4: bai ce ɓarawo ya daina sata kawai ba, ya ce ya kama aiki da hannunsa har ya sami abin da zai ba mabukaci. Hannun da ya saba ɗauka sai an koya masa bayarwa. Ubangijinmu ma a Matiyu 12 ya ba da misalin gidan da aka share aka bar shi ba kowa, ƙarshensa ya fi farkonsa muni.

Wani zai ce, ashe ke nan da ƙoƙarinmu za mu tsarkaka? A'a. Manomi ba ya yin ruwan sama, ba ya kuma sa iri ya tsiro, duk da haka ba ya kwana a gida da damina. Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa biyun wuri ɗaya: mu yi aiki, domin Allah ne yake aiki a cikinmu, shi yake ba da niyyar da ikon.

Ni da wannan magidanci ba mu sake yin wani babban alkawari ba. Na tura shi ya ga likita tukuna, gama wanda jikinsa ya saba da giya ƙwarai, barinta farat ɗaya yana iya jawo masa karkarwa da suma. Ya gaya wa matarsa gaskiya, abin da ya fi yi masa wuya. Ranar albashi wani ɗan'uwa cikin mawaƙa yakan jira shi su dawo tare ta wata hanya, da yamma kuma ya karɓi aikin koya wa manya karatu a majami'a. A wata na bakwai ya sake faɗuwa. Washegari da sassafe, kafin kowa ya ji, shi da kansa ya ƙwanƙwasa ƙofata.