Wane Ne Ya Kashe Akuyar?

A kan hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, da kaka, mutum yakan ga leda ta maƙale a ƙaya da karan dawa. Akuya ta same ta da ɗan gishiri a jiki, ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa a tumbi, sai ta dunƙule, akuya ta yi ta ramewa har ta mutu. Mai akuyar, wataƙila tsohuwa ce wadda ba ta da wata dukiya sai ita, ta ce leda ce ta kashe ta. To, ledar ce, ko kuwa wanda ya yar?

Waɗansu sukan ce roba mugun abu ce tun asali. Amma ga 'yan bola jari nan suna bi gida gida suna sayen fasasshen bokiti, a kai Kano a niƙa, a narka, ya komo buta, a yi alwala da ita. Masu ilmi sun wuce nan ma. A shekarar 2020, a Jami'ar Rice ta Amurka, James Tour da abokan aikinsa suka saki wutar lantarki mai tsanani cikin garin tsohuwar roba, ya zama garafin, watau wani baƙin abu dangin bakin fensir, wanda lantarki ke bi ta cikinsa. In an shimfiɗa garafin a kan roba mai laushi aka manna a wuyan hannu, duk sa'ad da jijiya ta harba sai robar ta ɗan lanƙwasa, tafiyar lantarkin ta sāke, na'ura ta ƙidaya bugun zuciya. Ashe abin da ya kashe akuya yana iya taimakon likita.

Sai dai fa akwai tarko a nan. Mai jefarwa yana iya cewa, "Ai masana za su gyara." Wannan hujjar malalaci ce. Ledar da ta shiga tumbi ko ta toshe kwata ba ta isa hannun masani ba, ba kuwa za ta isa ba. Wadda aka tara kaɗai ke isa, mai tarawar kuma shi ne yaron nan mai buhu da ake kora daga ƙofar gida, ana ce masa ƙazami. Wanda ya yar yana zaune a inuwa da farar riga, ba wanda ya tambaye shi kuɗin akuyar tsohuwa.