Wa Zai Ciyar Da Mai Koyon Sana'a?

'Yan'uwa, akwai tambayar da takan taso duk sa'ad da hukuma ta buɗe wurin koyon sana'a domin matalauta: shin daidai ne a ɗebi kuɗin jama'a a riƙa ba mai koyo alawus, alhali an riga an koya masa kyauta? Mutane da yawa, har da masu kirki a cikinmu, sukan ce an ba shi malami, an ba shi kayan aiki, saura me? A ganinmu daidai ne, har ma hakki ne, kuma dalilinmu yana nan kusa, a ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi.

Koyo ba ya zama kyauta ga wanda abincinsa na dare yake cikin aikinsa na rana. Saurayin da yake dako a kasuwar Gummi, ko ƙwadago a gonar wani, in ya wuni a shagon walda yana riƙe wa maigida ƙarfe, to, ya biya kuɗin makaranta ke nan, ya biya da tuwon gidansu na wannan dare. Ɗinki da kafinta da gyaran babur kuwa ba a gwaninta da su a wata guda, sai an shekara biyu ko uku. Ɗan mai hali zai jure, gama akwai hatsi a rumbun ubansa. Ɗan gwauruwa sai ya zo mako biyu ya ɓace, a ce ba shi da himma. Ta haka shirin da aka yi da sunan matalauta yakan ƙare a hannun waɗanda tun dā ba sa kwana da yunwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ina yaron da ya ɓace yake zuwa? A wannan yanki mun san amsar: ramin zinariya, inda ake biya ran da aka yi aiki. Mun kuma san abin da ramin ya jawo a shekarar 2010. Duwatsun da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo su cikin gari ana niƙawa da injin niƙan hatsi, mata suna daka su a tsakar gida domin su ma su sami na cefane, ƙura ta bi ƙasan da yara suke rarrafe a kai. A Yargalma ta Bukkuyum, da Dareta da Abare da Bagega na Anka, da wasu ƙauyuka, yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka gano abin, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, bayan dogon jiran kuɗi daga Gwamnatin Tarayya. Iyayen nan ba mugaye ba ne. Sun riƙe aikin da yake kawo abinci yau, domin babu wanda ya tsaya musu su koyi wanda zai kawo shi baɗi. Gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, amma doka ba ta taɓa cika tukunya ba.

Ciyar da mai koyo kuma ba baƙuwar al'ada ba ce. Maƙeri ko majemi ko maɗinki na dā, in ya karɓi yaro, yakan ci da shi a akushi ɗaya, ya ɗinka masa riga da salla. Yau maigidan kansa da ƙyar yake ciyar da iyalinsa. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, ta gane haka, shi ya sa ta tsara tura matasa wurin gwanaye tare da ɗan alawus ga mai koyo da mai koyarwa.

Masu suka suna da tasu gaskiya, kada mu toshe kunne. Mun ga inda sunayen 'ya'yan manya suka cika takarda, mun ga keken ɗinkin da aka raba da safe ya isa kasuwa kafin la'asar. Amma mu lura, wanda ya sayar da kekensa sau da yawa yunwa ce ko bashi ya sayar da shi, watau ciwon nan ne dai da muke magana a kai. Maganin son kai kuwa shi ne a karanta sunaye a fili gaban mai unguwa da jama'a, a biya mako-mako bisa ga zuwa aiki, a kuma koyar da abin da ake nema a nan: gyaran injin ban ruwa domin fadamun Gummi, haɗa wutar sola, da gini, wanda ambaliyar 2024 ta nuna mana bukatarsa.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa maƙwabtanmu ne, sun san gidajen da ba a ɗora tukunya, sun san 'yan gudun hijirar da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu suka taru a garin Anka. In sun zo da shirin koyon sana'a, kafin mu tafa, bari mu tambaye su nawa aka ware domin abincin mai koyo, na wata nawa, kuma a hannun wa za a karɓa.