Ƙuri'ar Ɗalibata Ta Tafi a Banza?

'Yar'uwa, wata ɗalibata a Islamiyyarmu ta nan Yelwa ta yi mini tambayar da ta hana ni barci. A zaɓen 2023 ta fara jefa ƙuri'a, lokacin 'yan mata 11 na makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, da aka sace tun Yunin 2021, suna hannun 'yan bindiga. Da su a ranta ta bi layi, ta dangwala wa 'yan adawa a kujerar sanata, suka kuwa ci Kebbi ta Kudu. Sai ga shi a 2025 sanatocin Kebbi uku duka sun koma APC mai mulki.

"Malama, ashe rana kawai na sha?"

Saura ƙiris in ce duk kanwar ja ce, kamar yadda muke cewa a gidan biki, sai na kama bakina. Ƙuri'a shaida ce. Mai shaida kuwa abin da ta sani a ranar za a tambaye ta, ba abin da ɗan takara ya ɓoye a zuciyarsa ba. Yarinyar nan ba ta karɓi taliya ko turmin atamfa ba. Mu nawa za mu iya faɗin haka? Kuma ai PDP ce ke mulkin Kebbi kafin 2015, ƙuri'a ce ta mai da ita adawa.

Na ce ta adana katinta, ta rubuta alkawuran da aka yi wa Yauri, Ngaski da Shanga kan tsaro. Duk wanda ya dawo, ko da wace tuta, ta karanto masa.