Munduwar da ke Faɗin Inda Kake: Tsaro Ne ko Leƙen Asiri?

A wannan mako za mu duba wani al'amari da masana suka daɗe suna bincike a kansa, watau gano inda mutum yake a cikin gini ta hanyar agogo ko munduwar da ke hannunsa.

Na'urar GPS da taurarin ɗan'adam take aiki, amma rufi da bango suna raunana saƙonta. Don haka masu bincike suka koma ga Wi-Fi da Bluetooth, da kuma UWB, wadda ke auna lokacin da saƙon rediyo ya ɗauka tsakanin na'urori biyu, har ta nuna wurin da mutum yake tsaye da kuskuren da bai kai kamu ɗaya ba.

Lalle akwai alheri a nan. Tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta raunana, idan ya ɓace a gidan jinya, nan take za a same shi. Haka jariri a asibitin haihuwa.

To, amma a 2018 kamfanin Amazon ya sami takardar mallakar fasahar wata munduwa da aka tsara don bin motsin hannun ma'aikaci a rumbun kaya. A 2021 Apple ya fitar da AirTag don neman makullin da ya ɓace, sai ga wasu suna jefa shi cikin jakar mata suna bin sawunsu, har a 2024 Apple da Google suka haɗa kai domin waya ta riƙa gargaɗin wanda ake bi.

Ina iyakar take? Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, aya ta 58 ta Suratun Nur kuma ta ware lokuta uku da yaran gida ma sai sun nemi izini kafin su shiga. Idan ɗan cikinka ba ya faɗo maka ɗaki da tsakar rana, ta yaya mai gidan aiki zai bi ka har makewayi?

Wani zai ce, wanda ba shi da laifi me zai ɓoye? Amsa ita ce, sutura haƙƙin mai gaskiya ce tun kafin ta zama mafakar mai laifi. Wanda ya ɗauki ma'aikaci, aikinsa ya yi ijara, bai sayi mutuncinsa ba. Yardar da aka karɓa da barazanar kora kuwa, sunanta tilas.

Saboda haka kafin ka ɗaura wa wani wannan munduwa, matarka ce ko yaron shagonka, tambayi kanka: ya sani? Ya yarda? Amfaninsa ake nufi, ko zarginka kake kiwo? Sanin inda bawa yake a kowane numfashi, na Allah ne Shi kaɗai.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Wassalam.